Ganyen Eru na Limunga

Limbe

Zuwa ga ɗana Lyonga,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da matarka Nalova da yara. Allah ya raba ku da zafin Garwa. Mu nan ruwa ne ba dare ba rana, babban dutsen da ke bayan gari ma mun kwana biyu ba mu ga kansa ba. Gwiwata tana nan da halinta, kawunka Ekema kuma ya samu sauƙi har ya koma surutu.

To, saƙonka ya iso. Wai 'yarka Limunga ta bar aikin lambun itatuwa ta taho Garwa ka nema mata ofis, don ba ka sa ta makaranta ta ƙare a aikin daji ba. Aikin daji! Lyonga, da bakinka? Da me na raine ka in ba eru, ganyen miyar nan da nake shiga kurmi ina tsinkowa ba? Tabon saran maciji yana nan a ƙafata. Yanzu kurmin ya ja baya, mata sai sun yi wuni suna tafiya kafin su cika kwando. Yarinyar nan tana yanka reshe ta dasa, ta lallaɓa shi har ya yi saiwa ya hau itace. Ekema ya yi ta yi mata dariya, wai eru ba ya yarda da hannun mutum, na shuka ko akuya ba za ta ci ba. Ka ce kai ma ra'ayinka ke nan.

Ta karanta saƙonka ta yi kuka, ta fara haɗa kaya. Ni na kwance su. Ba inda za ta je, kuma ni na faɗa.

In kana da magana, ka zo da ƙafarka. Ko ka manta hanya? Daga Ngaundere ka hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ka shiga motar Duwala, ka wuce Mutengene. In ka sauka ka ce wa ɗan acaɓa lambu, ba wanda bai sani ba. Ka bi bakin rafi ƙarƙashin manyan itatuwa har rumfar inuwa, za ka same ta da taɓo har gwiwa. Ka dubi idonta ka maimaita.

Af, busasshen erun da na aiko maka, wanda ka bugo waya kana cewa Mama, wannan na kurmi ne na gaske, har ka suɗe tukunya? Na Limunga ne. Ita ta dasa, ita ta yanka.

Ka gaishe da Nalova da Mokake da ƙaramar Enanga. Limunga tana gaishe ka, ta ce in tambaya ko a ƙaro maka.

Mahaifiyarka,
Mojoko