Yatsunki ne suka riƙa katse wa Baba waya

Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Tamanrasset lafiya lau, sai sanyi da ya fara saukowa daga duwatsu. Jikarki Nana ta shiga lekkol, makarantar boko. Baban Nana yana nan yana hawa dutsen Assekrem da masu yawon buɗe ido, shi ke dafa musu abinci. Ni kuma ina nan da tukunyata yadda kika sani, ina sayar wa 'yan ƙasarmu tuwo da dambu a ƙofar gida.

Labarin agogo zan ba ki, don da hannunki a ciki.

Kin san sana'ata. Hannu kullum cikin ƙullu ko mai. Waya ta yi ƙara, kafin in wanke in goge ta katse. Ranar da ta suɓuce ta faɗa miyar kuka, Baban Nana ya ce abin ya isa haka, ya samo mini agogon da ke haɗe da waya. Ba sai an taɓa fuskarsa ba, Inna. In kira ya shigo, sai ki haɗa babban yatsa da manuniya sau biyu, taf-taf, ya ɗauka. Ki sake yi, ya katse. Da kin gani da kin yi a'uziyya kin ce a fitar miki da shi daga ɗaki.

A hagu ya ɗaura mini, kamar kowa. Ni na mayar da shi dama. Ke kika ce mana, "Abin da babba ya miƙo, ko magana ce, da dama ake karɓa." To ina ni ina amsa kiran Baba da hagu? Baban Nana ya yi dariya, ya ce agogo bai san wannan ba. Na ce ni na sani.

Tun da kika rasu Baba ya koyi kira. Shi da ko riƙe waya ba ya so! In ya dawo daga masallaci bayan Magariba, can Damagaram, sai ya zauna ya kira ni. Ba wata doguwar magana. Ya sanyi, ya yarinya, to madalla. Amma kullum ne.

Sai kiran ya fara tsallake kwanaki, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. Na ce ko rezo ne, layin waya ba kyau. In na kira, sai ya miƙa wa Yaya Hadiza, ta ce wai a ce mini yana lafiya. Rannan ita Yaya ta kira ni da kanta, ta wanke ni tas. Wai Baba ya ce ina ɗaukar kiransa, kafin ya gama sallama in katse masa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wai na yi agogo mai magana, na fi ƙarfin tsoho.

Na rantse, na sake rantsewa. Ni ban ga kiran da ya wuce ni ba, balle in katse. Kin san ni da zuciya, har Yaya sai da muka yi ta. Baban Nana ya gwada agogon, ya kira ni ina tuƙa tuwo, komai daidai.

Tsoro ya kama ni, Inna, don kin fi ni sanin Baba. Ba ya faɗa, ba ya zagi, shiru yake yi, kuma shirunsa ba shi da ranar ƙarewa. Baffa Sale, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, har ya koma ga Allah ba su shirya ba. Ga ni bayan sahara, ga shi da shekaru. Na riƙa tunanin ranar da za a kira ni a ce ya tafi yana fushi da ni.

Abin da ban lura da shi ba shi ne wannan. Saboda masu sayen tuwo, Magaribata takan ɗan yi jinkiri. In zan tayar da salla ina kashe wa waya da agogon ƙara da girgiza, hannuna kuma yana cikin hijabi. In na sallame sai in yi tasbihi da yatsu, don ba ki saba mana da carbi ba. Kin ce yatsu za su yi wa mai su shaida. Kuma ke ba kya taɓa gaɓa sau ɗaya, sau biyu kike yi, wai don kada ƙirga ta ɓace miki. Haka na tashi na gani, haka nake yi.

Wata Alhamis na gama tasbihi, na ɗaga hannu ina addu'a da ƙarfi irin taki. Na roƙa miki gafara. Na ce Allah ya ba Baba haƙurin rashinki, ya sa ya riƙa cin abinci, ya sanyaya masa zuciya a kaina, don ban san laifin da na yi ba. Ina kuka ina faɗa.

Sai na ji tari daga cikin hijabina. Tarin Baba, wannan busasshen da yake yi kafin ya yi magana. Ya ce amin.

Wallahi saura kaɗan in yar da agogon. Ashe kullum yana kira ina tsakiyar tasbihi: taf-taf ɗaya ya ɗauka, na gaba ya katse. Ranar kuwa kiran ya shigo daidai gaɓar ƙarshe, ya ɗauka, ban sake taɓawa ba. Yaya ta gaya mini daga baya cewa ya yi niyyar wannan ne kiransa na ƙarshe, in na katse a goge masa lambata.

Na fara yi masa bayani ina haɗa kalmomi, ina tunanin yaya tsoho zai gane agogon da ke jin yatsu. Bai bari na ƙarasa ba. Cewa ya yi, "Sau biyu-biyu ko? Na san yatsun nan."

Bai ce in yi haƙuri ba, ni ma ban jira ba. Baba ne.

Yanzu ga yadda muke yi. In na sallame nakan jira kiransa, in amsa da dama, in cire agogon in ajiye kan darduma. Ya hana ni yi masa hira sai na gama tasbihi da addu'a, yana saurare. Ya ce tun da kika tafi ba mai addu'a da ƙarfi a gidan bayan Magariba.

Kin tuna yadda kike addu'a yana gefe yana murɗa rediyo, ki juyo ki ce, "Malam, ko amin ba za ka taya ni ba?" Yana tayawa yanzu, Inna. In na zo kan sunanki, nasa amin ɗin ya fi nawa ƙarfi.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa yatsun nan su yi miki shaidar alheri. Ya bar mana Baba, ya haɗa ku a gidan da ba rabuwa.

'Yarki mai taurin kai,
Maman Nana