Inna da Yarinyar Cikin Rumbu

Yaya Audu,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya iyali? Mu nan lafiya lau.

Albishirinka, littafina na matasa ya fito, labarin yarinyar da ta faɗa rumbu ta ɓulla wata duniya. Inna, mai cewa ƙarya nake rubutawa, ta hana ni karanta mata, wai ba a tatsuniya da rana. Bayan magariba na karanta mata rabi.

Washegari da hantsi muna ɓarar gyaɗa ta ce, "Talatu, yarinyar nan ta dawo kuwa?"

Na ce, "Inna, rana ce fa."

Ta ce, "Mu shiga ɗaki ki ja ƙofa, ai dare ya yi."

Ka sa ni a addu'a. Gaishe da yara.

Ƙanwarka,
Talatu