Waƙar Ɗakin Mata Za Ta Fita a Rediyo

Paramaribo, 3 ga Oktoba, 1968

Nani, kakata ta kaina,

Na durƙusa na taɓa ƙafafunki. Ya ciwon gwiwa? Ya Ma da Pa, an gama yankan shinkafa lafiya?

Ni ƙalau nake, kada ki damu. Idan kawuna, Mamu Harilal, ya ce ya gan ni da ɗinki a goshi, abin bai kai ya kawo ba. Ina tsakar waƙa wani ya jefo kwalba yana ihu, "Sauko, marar kunya! Asirin iyayenki mata kike talla?" Makaɗina ya ce, "Kowsilla, mu gudu!" Na ce ya ci gaba da kiɗa, sai da na kai baitin ƙarshe.

Nani, ga dalilin wasiƙar. Waƙar da kika koya mini, wadda mata ke yi ranar shafa wa amarya kurkum bayan an kori maza, na sa ta a faifai. Ranar Asabar mai zuwa za a sa ta a rediyo, kuma kin san tashar nan tana tsallake kogi har garinmu. Na so in nemi izininki, amma na ji tsoron za ki hana.

Ina roƙonki, ki zaunar da Pa ki gaya masa da bakinki, kafin ya ji a shagon Ramdin a gaban mutane. Ke kaɗai yake jin nauyinki.

Na saya miki farin mayafi. Ki aiko amsa ta bakin Mamu: in kawo mayafin da kaina ranar Diwali, bikinmu na fitilu, ko in ba shi ya kawo miki?

Jikarki,
Kowsilla