Kayak ɗin Baba Ba Na Bango Ba Ne

Litinin, 3 ga Yuli

Ujarneq ya yi wa mai sabon otal alkawarin kayak ɗin Baba, ɗan siririn kwalekwalensa na farauta. Wai za a rataye shi a ɗakin cin abinci, baƙi na tauna suna kallonsa. Wata huɗu da binne tsohon! Ujarneq ƙanena ne ciki ɗaya, amma yau da na sami abin jifa da na jefe shi. Na ce jirgin da ya ciyar da mu shekara arba'in ba kayan ado ba ne. Ya ce, "To wa zai shiga, Yaya? Ke?" Har da riƙe ciki don dariya.

Laraba, 5 ga Yuli

Na kinkimo jirgin a kafaɗa daga rumfar Ujarneq har farfajiyar gidana. Duk garinmu Aasiaat ya gani. Madalla.

Alhamis, 6 ga Yuli

Ujarneq ya zo, ko gaisuwa babu. Wai Baba da jikinsa ya auna jirgin: tsawo gaba uku nasa, faɗi ƙugunsa da dunƙulen hannu biyu, ni kuwa ƙuguna ya yi nasa ɗaya da rabi. Na ce shekara ashirin ina tuƙa na roba, kuma littattafan da na karanta a kan kayak sun fi gashin da ya rage a kansa. Ya ce, "Littafi ba ya kifewa, Malama."

Asabar, 8 ga Yuli

Teku luf, ko iska babu. Na cusa kaina cikin jirgin Baba da ƙyar, na tura.

Bari in rubuta gaskiya: ban taɓa tuƙa abu irinsa ba. Kafin in gama tunanin juyawa ya juya. Na ratsa tsakanin ƙananan tsibirai, agwagin teku na jan 'ya'yansu a layi, ba su ko kula ni ba. Wani puisi, dabbar tekun da Baba ke farauta, ya fito da baƙin kansa dab da ni, gashin baki na ɗiga, ya kafa mini ido kamar mai neman Baba. Na ce ya rasu, sai haƙuri. Can wajen tsaunin ƙanƙara na ji numfashin wani ƙaton kifi mai feso ruwa sama kafin in ga bayansa, sau uku, ya nutse. Na yi kuka kaɗan. Ba wanda ya gani.

A tsibirin da Baba ke shanya kifi na so in sauka in sha kofi. Ƙafafuna sun mutu. Ƙugu ya maƙale, gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Nan na gane da jirgin ya kife, da ni da shi za mu tafi tare. Awa biyu na yi ina komowa, ko tari ban yarda na yi ba.

Ujarneq na kan duwatsu da madubin hangen nesa. Ya faɗo ruwan nan mai sanyi har ƙugu, ya kama ni ta hammata, ya zaro ni kamar murfin kwalba. Na jira dariya. Sai ya daka mini tsawa: "Ke ma so kike in binne ki bana?" Na ce ya rage ihu, yana korar tsuntsaye.

Lahadi, 9 ga Yuli

Cinyoyina sun yi baƙi. Otal dai ba za su samu ba.

Alhamis, 13 ga Yuli

Na shirya wa mai otal jawabi mai zafi, na je. Ashe tun Litinin Ujarneq ya janye maganar. Ko gaya mini bai yi ba. Matsoraci. Jawabina ya tafi a banza.

Talata, 25 ga Yuli

Gorar kofina kawai na je karɓa a rumfar Ujarneq. Ya ce in zauna a ƙasa in miƙe ƙafa. Na zauna don na gaji. Ya sa dunƙulensa a gefen ƙuguna, ya zana a katako, yana gunaguni wai katakon garin nan ba zai isa a yi mini jirgi daidai ni ba. Sai ya miƙo mini jiƙaƙƙen sanda, ya ce da haƙori ake lanƙwasa haƙarƙarin jirgi, tunda bakina ba ya hutawa in ba shi aiki.

Bakwai na tauna. Muƙamuƙina ciwo yake. Jirgin Baba yana farfajiyar gidana, na lulluɓe shi da kyau. Gorar kuma na manta ta can, dole gobe in koma.