Ranar da Na Kutsa Filin Rawar Wongani

Rosettenville, Johannesburg
14 ga Satumba

Zuwa ga 'yata Lusungu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a gonar rogo, ya tsare masu fita tafki kamun kifi. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa da ke tuna mini shekaruna kowace safiya. Ƙanwarki Towera ta samu aiki a shagon ɗinki, 'yarta kuma ta fara bin bango. Busasshen kifin da kika aiko ta hannun direban bas ya iso, mun ci da tuwon masara har da suɗe kwano. Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san da furfura na shiga ajin yamma na koyon karatu da rubutu.

Maganar ɗanki Wongani ce ta sa na ɗauki biro. Shekara uku ke nan ba ki ji muryarsa ba, tun ranar da mahaifinsa ya gane ba mace yaron yake so ba, ya watso masa kaya waje, yaron ya taho nan wurina. Akwai abin da na ɓoye miki. A watan Maris wasu matasa suka tare shi a tashar mota, suka karya masa ƙafar hagu. Da na isa asibiti sai na tarar da wata doguwar mace 'yar Kongo a bakin gadonsa, ta riga ta gaya wa ma'aikata ita ce uwarsa. Raina ya ɓaci, na ce mata uwarsa na nan da ranta can gida a Nkhata Bay. Ko kaɗan ba ta ji haushi ba. Ta rusuna ta ce mini Allah ya ja kwanan uwar, ita riƙo kawai take yi.

Sunanta Mama Odile. Da aka haife ta sunan namiji aka raɗa mata, ita ma ta sha tata korar. Tana da gida a Yeoville inda take riƙe da matasa tara, daga Zimbabwe da Uganda da Kongo, dukansu abin da ya fitar da ɗanki daga gida shi ya fitar da su. A matsayin gida ɗaya, har da Wongani, suke shiga gasar rawa da kwalliya, su kara da wasu gidaje irin nasu. Na ɗauka shashanci ne, sai da na shiga ɗakin girkinta na ga kalanda a bango, da ranar da takardar izinin zaman ƙasa ta kowa za ta ƙare. Wanda bai sabunta tasa ba, ba ya rawa. Wanda bai ci abinci ba, ba ya shiga gwaji. Na yi shekara arba'in a garin nan, ban ga ƙungiyar 'yan ƙasarmu da ke kula da mutanenta haka ba.

Ƙashi ya haɗu, amma Wongani ya ƙi fita daga ɗakina har wata huɗu. Labule ma ba ya so a ɗaga. Sai 'yan gidan suka riƙa zuwa kowace Laraba, su ture mini tebur, su yi gwajin rawar hannu tare da shi yana zaune. Wani ɗan Uganda mai suna Kizza kullum sai ya ce masa gimbiya, jego ya isa haka, ina jaririn? Ni ma ban tsira ba, wai kwat ɗina ya girmi ƙasashensu duka. Mama Odile ta sa sunansa a gasar wannan wata ba tare da ta tambaye shi ba. Ya rantse ba za shi ba. Ranar Asabar da safe na tashi na tarar yana goge wando mai ruwan zinariya, ya ce mini tsoho, in za ka bi ni ka aske gemun nan, kada ka kunyata ni.

Da ƙarfe biyu na rana aka fara gasar, don kowa ya koma gida da sauran haske. Mutane sun kai ɗari uku, alƙalai biyar a kan tebur, ga mai shela yana yi wa kowa kirari a kan kiɗa. Da aka kira Wongani ya fito su biyu da wata yarinya daga wani gida. Lusungu, ban san Allah ya ba jinina wannan baiwa ba. Hannuwansa na zagaya fuskarsa kamar ba ƙashi a ciki, ya tsuguna yana tafiya a kan yatsu, ɗingishin ma ya mai da shi salo. Can sai ya juya sau biyu, ya faɗi rigingine, ƙafar hagun nan a lanƙwashe ƙarƙashinsa, jama'a suka kwashe da ihu.

Ba wanda ya gaya mini wannan faɗuwar ita ce ƙololuwar rawar. Ni dai na ga ƙafar da aka karya ta sake lanƙwashewa. Ban san lokacin da na yar da sanda ba. Na kutsa filin, na ture yarinyar mutane, na ciccibe shi ina cewa jikana ne, ku ba da hanya, a nemo mota. Aka kashe kiɗa. Ya raɗa mini a kunne wai Kaka, ka kashe ni, da gangan na faɗi. Dokarsu kuwa ita ce in wani naka ya shiga fili, ka faɗi gasa. Yarinyar aka ba kofi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai mai shela ya tambaya wane ne wannan dattijo. Mama Odile ta tashi ta ce kakansa ne na jini, wanda ya haifi uwarsa. Daga nan aka sake sakin kiɗa, mai shela ya ɗauki maganata ya mai da ita waƙa, mutum ɗari uku suna amsawa jikana ne, ku ba da hanya. Da aka tashi suka yi layi suna gaishe ni. Wani ɗan Zimbabwe ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce shekara takwas rabon da babba ya taɓa shi in ba da duka ba. Wadda ta ci kofin kuma ta ce a ba ta aron kakan nan a gasa ta gaba. Wongani ya yi dariya har da hawaye, ya ce a watan Disamba zai karɓo kofinsa, amma sai an ɗaure ni a kujera. Ta tashar motar nan muka biyo zuwa gida, da ƙyalƙyali a fuskarsa, kansa a sama, shi ne ma yake riƙe da ni.

'Yata, ban ce na fahimci komai ba, ban kuma ce ki yi faɗa da mijinki ba. Abin da na sani shi ne da na ga yaron a ƙasa, ƙafafuna ba su tsaya shawara da ni ba, kuma a wurina kika gaji zuciya. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan da bai ruɓe ba. Ranar Lahadi da ƙarfe uku zai kira wayarki. In kina jin nauyin maigidanki, ki je gidan gwaggonki ki jira a can. Ba sai kin yi doguwar magana ba, ko tambayarsa kika yi me ya ci, ya isa.

Ki gaida maigidanki Msiska, da gwaggonki NyaPhiri, da Vitumbiko da autarki Tamara. Towera na gaishe ku. Wongani yana tsaye a bakin ƙofa tun da na fara shafin nan. Ya ce in rubuta yana gaishe ki, ya dawo ya ce in goge, yanzu kuma ya ce in bar shi.

Ni ne mahaifinki mai sa miki albarka,
Lackson Mhone