Awon Gurbin Idon Magdalene

Abuja, Oktoba 2006

Baban Magdalene,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya gida, ya ƙafar Mama? Dawa ta fara nuna?

Tun da aka cire wa 'yarmu idon hagu saboda ciwon daji, ban sami natsuwar rubuto maka ba. Rauni ya warke, amma ba su sallame mu ba. Likita ta ce idan aka bar gurbin idon yaro ba komai a ciki, ƙashin wajen ba ya girma, fuska sai ta karkace. Shi ya sa jiya suka sa ta cikin wani inji mai kama da ganga, MRI suke kiransa, don su auna girman gurbin, su gwada da na dama, su san irin ɗan ƙwallon da za su dasa mata. Hoton zai kuma nuna ko ciwon ya taɓa ɗaya idon.

Sun sa na cire 'yan kunne kafin in shiga. Injin na ƙara kamar ana daka, ita kuwa an ba ta maganin barci. Tafin ƙafarta kawai nake gani. Na riƙe shi, ina ta cewa a raina da kana nan.

Ina kewarka. Nan ba mai jin yarenmu na C'lela, sai ni da yarinya 'yar shekara huɗu.

Taka,
Monica

Zuru, Nuwamba 2006

Monica tawa,

Na gode wa Allah da jin kuna lafiya. Ƙafar Mama da sauƙi. Mun fara yankan dawa a gonar Manga, ƙanena Japhet na taya ni.

Na karanta takardarki a bakin gona, na kasa komawa aiki. Ban ga fuskar Magdalene ba tun da aka yi mata aikin. Ina ƙoƙarin kwatanta ta a zuciyata, sai in ga idanu biyu suna kallona. Ina tsoron ranar da za mu haɗu, kar fuskata ta nuna mata wani abu.

Matan zumunta sun yi muku addu'a ran Lahadi. Gidan nan ya yi mini girma. Ki sanar da ni ko mene ne, kar ki rage komai.

Mijinki,
Haggai

Abuja, Disamba 2006

Baban Magdalene,

Ina gaishe ka, a gaida Mama da Japhet.

Idon dama lafiya lau! Da likita ta faɗa, sai na zauna a ƙasa cikin ofishinta. An dasa ƙwallon daidai awon, idon roba kuwa sai kumburin wajen ya sace.

Muna tafe ran Asabar ta Kontagora. Magdalene ta ba ni saƙo, ta sa na maimaita don kar in manta. Ta ce, "Ki gaya wa Baba ya tsaya ta hannun dama na mota, don in riga shi gani."

Taka,
Monica