Randar Aro da Aka Yi wa Fenti

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana da na garinmu, ƙaramin wuri ne, ana ganin suna an gano ni. Shawara na zo nema, don Allah ku ba ni, wanda kuma ya ga zagi ne ya dace da ni ya zaga, ba na jin zai ƙara min komai a kan abin da nake ciki.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye a arewacin Kano, irin ƙauyukan nan da gona ke manne da gona, ba ka sanin ka fita daga wani gari sai ka hango masallacin wani. Zane na karanta a kwaleji. Shekara biyar ke nan ni da wasu mutum huɗu muka buɗe ɗakin nuna kayan hannu, ba mai biyanmu, kowa da ranar da yake zuwa ya buɗe ya share ya zauna. Akwai zanen yaran makaranta, akwai huluna da faya-fayai da tabarmi, da ƙorai masu sassaƙa, da tukwane. Da farko "gidan tarkacen Malama" mutanen gari ke ce masa, sai da suka ga ɗaliban jami'a na tasowa tun daga Rijiyar Zaki suna ɗaukar hoton irin faifan da matansu ke rufe tuwo da shi, sannan aka rage dariyar. Ginin na ƙaramar hukuma ne, tsohon siton taki ne, kansilanmu ne ya tsaya kai da fata har aka ba mu, su suka sa mana kwano, su suka ba mu maigadi. Sai dai takardar izinin ta shekara ɗaya ce, kullum sai an sabunta, kuma kullum akwai masu jira a karɓe a yanka shi shaguna.

Yawancin kayan da ke ciki ba namu ba ne, aro ne. Gida-gida na bi ina roƙon tsofaffi, kowa ta ce za ta yi tunani. Wadda ta fara yarda da ni wata tsohuwa ce a ƙauyen gabanmu, bari in kira ta Inna Dije, maginiyar tukwane ce tun tana yarinya har hannu ya gaza. Ita ta ba ni randar mahaifiyarta, wadda mahaifiyar ta gina tun kafin a haifi ita Innar. Baƙa ce wuluk don tsufa, ta kai min ƙugu, a wuyanta akwai ado da aka yi da babban yatsa, an danna an danna har ya zagaye. Ranar da za mu ɗauka ta ce min, "Malama, aro na ba ki, ba kyauta ba. Kuma kada ki ajiye min ita a bushe ana kallo, ki riƙa zuba mata ruwa ana sha." Haka muka yi, muka zuba mata yashi a gindi, muka ɗora moɗa a kan murfin, duk wanda ya shigo sai ya sha. Ko a tsakiyar bazara sanyin ruwan nan har haƙori. Da matan suka ji Inna ta bayar da nata, sai kowa ta fara zaro abin da ta ɓoye a ƙarƙashin gado.

Wata biyu da suka wuce Honorabul, wato kansilan namu, ya kira ni yana ta murna, ya ce manyan baƙi za su zo duba ayyuka kuma ciyaman ya sa ɗakinmu a cikin wuraren da za a kai su. Ya ce wannan ce damarmu, in abin ya yi kyau wataƙila takardar bana ta shekara biyar za a ba mu, mu huta da zarya. Ya ce zai turo masu fenti su gyara bango. Satin kuma jarrabawa muke yi a makaranta, sai na aika masa da makulli, na ce a faɗa musu su jawo kayan tsakiyar ɗaki su lulluɓe da buhu. Ban ce wa kowa a cikinmu ya je ya zauna da su ba. Wannan kam laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

Kun dai san yadda ake yi a wajenmu in babban mutum zai zo, duwatsun bakin hanya a shafa musu fenti, gindin bishiya a shafa, tsohuwar taya ma in tana kusa sai ta samu rabonta. To masu fenti sun gama bango, fenti ya yi saura. Honorabul ya shigo dubawa, ya ga tukwane baƙi ƙirin a cikin farin ɗaki, ya ce ai ba zai yiwu a shigo da baƙi a nuna musu wannan ba, sai su ce ba a kula da wurin. Aka tuntsurar da ruwan randar, aka fito da su rana, aka yi musu fentin mai, kore da fari. Tukwane bakwai. Randar Inna har cikin bakinta aka shafa, iya inda hannu ya kai.

Ni ban sani ba sai da safiyar ranar da baƙin za su zo. Warin ne ya fara tarbata tun daga ƙofa. Na tsaya ina kallonsu jere suna ƙyalli, ban yi ihu ba, ban yi kuka ba, ban ma yi salati ba. Honorabul na bayana yana murmushi, ya ce, "Malama yaya kika gani? Kamar yau aka gina su ko?" Na ce an gode. Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan. Baƙi suka zo na zagaya da su ina bayani kamar rediyo, babbansu ya dafa randar aka yi masa hoto shi da ciyaman, ya ce wannan shi ne raya al'ada. Da yamma hoton ya hau Fesbuk. Lawan, ɗan Inna Dije, har da rubuta Masha Allah a ƙasa, bai gane randar kakarsa ba.

Na san wasu da suka tashi a birni za su ce to mene ne, ai launi ne kawai. Ba launi ba ne. Randa tsattsafo take yi ta jikinta, iska ta buga, shi ne ruwan ke yin sanyi, in aka toshe jikin da fentin mai shi ke nan ta zama bokiti. Na cika ta na bar ta kwana uku, ruwan ɗumi, kuma in ka kai baki warin fenti ne ke fara shiga. A cikin bakwai ɗin akwai wata 'yar tukunya tawa ta kaina, a kanta na yi gwaji. Kananzir ya ɗaga fentin amma ya shige cikin yumɓun, har yau warinsa take yi. Da na goga da samfefa kuma, ta cinye fentin ta haɗa da adon. Na je har Dawakin Tofa wajen wata mata da har yanzu take gini, ban faɗa mata ta wa ce ba, ta ce in aka sake gasawa wuta za ta iya cinye fentin, amma ita randa mai waɗannan shekarun ba za ta sa ta a wuta ba, ta ce, "In kin matsa zan sa, amma in ta fashe kada ki ambaci sunana." Na dawo na sa aka shigar da tukwanen ƙuryar ɗaki na rufe da tabarma, duk wanda ya tambaya in ce ana gyara.

Na samu Honorabul na yi masa bayani a hankali. Ransa ya ɓaci sosai, ya ce shi da zuciya ɗaya ya yi, kuma gaskiya ne, na shaide shi, mutumin nan bai taɓa nufin ɗakin nan da sharri ba. Ya ce shi manomi ne ɗan manomi, randa ya sha har ya girma, amma wallahi bai kawo wannan a ransa ba a lokacin, hankalinsa na kan baƙi. Daga nan ya ce in rufa masa asiri, in maganar ta fita 'yan adawa za su ɗauki hoton nan su yi ta yawo da shi suna cewa ga ciyaman tsaye a gaban ɓarna yana dariya, kuma takardarmu tana kan tebur ba a sa hannu ba tukuna. Bai ce min za a ƙwace ɗakin ba, amma ni ba yarinya ba ce, na gane.

Abokan aikina ma sun rabu. Malam Sabo tela, shi ne babba a cikinmu, ya ce a nemo tsohuwar randa mai kama da ita a ajiye, ai idon Inna ya yi rauni, ya ce ƙarya ce amma ta rufin asiri, kuma ɗakin da yara ke zuwa koyon zane ya fi randa ɗaya. Sauran suka ce wannan cin amana ne a kan cin amana, aka yi ta sa-in-sa har biyu daga cikinsu suka daina zuwa ranakunsu. Maigidana kuma cewa ya yi in mayar musu da makullinsu in zauna a gida, dama shi tun farko bai ga abin da nake tsinta a ciki ba. Ni dai abin da na sani, Inna ba da ido take gane tukunya ba. Duk zuwan da ta yi ɗakin nan sai ta bi wuyan randar da yatsa, ta ƙwanƙwasa cikin ta saurara. Matar da ta shekara hamsin hannunta cikin yumɓu ba za a ba ta randar wani gida a ce ta uwarta ce ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ba na jin komai. Ina zuwa in buɗe, in share, in zauna, yara su zo su yi zane su nuna min in ce ya yi kyau ban ma duba ba. Na yi ƙoƙarin in ji haushin Honorabul, ya ƙi zuwa. Na yi ƙoƙarin in yi kuka ko zan samu sauƙi, shi ma ya ƙi. Abinci ina ci don an zuba ne. Wurin da na shekara biyar ina so kamar ɗan da na haifa, yanzu in na shiga ji nake kamar an aike ni gidan wasu.

Ina cikin wannan hali satin da ya wuce Lawan ya zo har makaranta ya same ni. Ya ce Inna na kwance, jikin ya yi nauyi, likita ya ce ta riƙa shan ruwa da yawa, ita kuma ta ƙi na leda ta ƙi na kula, wai duk roba take ji a ciki, ko an matsa mata kurɓa ɗaya take yi ta kau da kai. Ta ce a karɓo mata randarta. Ya ce in yi haƙuri, ya san za ta bar mana giɓi a ɗakin. Shi ne yake ba ni haƙuri. Na ce ba komai, a ba ni kwana kaɗan in shirya ta.

Jiya na je dubiya da niyyar in faɗa mata komai, tun a hanya nake haɗa maganar a raina. Na same ta a kan tabarma a inuwar ɗaki, ta rame ƙwarai, leɓenta duk ya bushe, ga ledar ruwa a gefe ba a ko fasa ba. Tana jin muryata ta miƙo hannu. Ta ce, "Malama kin ga na dame ki ko? Ba daɗewa zan yi da ita ba. Ruwan kawai nake marmari, shi na buɗe ido na sani." Na ce haba Inna, ai taki ce. Ta ce, "Na riga na faɗa wa Lawan a gaban ƙannensa, in ta Allah ta kasance a mayar miki, ta zama taku, kada a sa ta a rabon gado. A hannunki ta fi samun kulawa, su waɗannan kaji za su bari su kwana a ciki." Ta yi 'yar dariya, matan gidan suka taya ta. Na ce Allah ya ba da lafiya Inna. Na ɗan zauna, na yi sallama, na hau mashin na dawo, ban faɗa mata maganar fentin ba.

To 'yan uwa ga inda nake. In na faɗi gaskiya, ban san yadda zuciyar tsohuwar nan za ta ɗauka ba a wannan halin, kuma ranar matan ƙauyen za su zo kowa ta kwashe kayanta, don biyar daga cikin tukwanen ma nasu ne, maganar ta kai sakatariyar ƙaramar hukuma, ɗakin ya tafi. In na bi ta Malam Sabo, na yi wa mara lafiya ƙarya a kan amanar da ta ba ni hannu da hannu, kuma in ta shafa ta gane, da wannan za ta tafi da ni a ranta. In na kai ta wuta, ƙila ta fito, ƙila kuma a tsinto min ita a kwando. Malaman da ke cikin grup ɗin nan, shin akwai ƙaryar da ta halatta a irin wannan? Masu sanin ginin tukwane, akwai wata dabarar da ban sani ba wadda za a iya yi cikin kwana biyu? Iyaye mata da ke nan, in ku ce Inna, kun fi so a faɗa muku ko a bar ku?

Jibi da hantsi Lawan zai zo da amalanke, ya ce har ya zuba sabon yashi a ɗakinta inda za a girke ta. Don girman Allah ku faɗa min me zan ɗora masa.